Dattijo a Cikin Bokitin Fenti

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata wadda ta ci sunan mahaifiyata Zuwaira, shi ya sa tun tana zanen goyo ban saba kiranta da komai ba sai Uwata. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin tashi lafiya a unguwar Madina, ke da gwaggonki Asabe da mutanen gidanta. Allah Ya tsare mini ke a ƙasa, Ya tsare ki a sama ranar Asabar da za ki shiga jirgin nan, Ya sauke ki cikin mutanen kirki. Mu nan unguwar Maamobi lafiya lau, sai dai innarki ba ta yi mini magana in ba ta kama dole ba, kuma tun ranar da kika ɗauki jakarki tuwona da sanyi yake zuwa.

Kada ki yi dariyar rubutun. Kowane baƙi ya kai ƙwayar gyaɗa, don in na ƙanƙanta shi ni ma ba na gani. Ke kika raka ni wurin likitan ido, ke kika ji abin da ya ce: ba yana ba ce da za a cire, hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, saura sai a lallaɓa. Na zaɓi takarda ne saboda bakina ba shi da amana. Duk ran da na shirya miki magana mai daɗi, da na buɗe shi sai tsawa ta fito.

Bari in faɗa miki abin da ke ci mini rai tun daga farko, kada ki yi ta nema. Maganin shawara na gidanmu, wanda ya ciyar da kakanki, ya ciyar da ni, ya biya miki karatun nas, daga itace ɗaya yake fitowa. Duk duniyar nan ni kaɗai na san itacen. Idona yana tafiya, ke ma kina tafiya, kuma ban taɓa nuna miki ko ganyensa ba.

Har yau ranar Lahadin nan ba ta fita raina ba. Ina zaune a ƙofar shago a bakin gwata ina ƙulla gari a takarda, kika zo kika zauna a bencin marasa lafiya kamar baƙuwa, kika ce, "Baba, an ɗauke ni makarantar koyon maganin Tibet."

Na ce, "Maganin ina?"

Kika ce, "Tibet, Baba. Ƙasa ce a kan duwatsu, can bayan Indiya. Makarantar kuwa a arewacin Indiya take, inda mutanensu suka yi zango kamar yadda kakanninmu suka yi a nan. Shekara biyar karatu, ɗaya aiki a hannun malami."

Kika miƙo mini waya. Na kusanto da ita hancina, na ga wani dutse fari fat, na ce wannan gishiri ne? Kika ce ƙanƙara ce. Na ga wasu mutane masu ƙwalƙwal da kai cikin jan mayafi, na ga wata ɗaliba tana riƙe da wuyan hannun tsohuwa ta rufe ido kamar mai jin barci. Cokalin awo ya suɓuce daga hannuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, abin da na iya faɗa ke nan. Da London kika ce, ko Saudiyya, ko da China ce inda 'yan kasuwar Nima ke zuwa sayo takalma, da na san inda zan ajiye maganar. Kuma kika ƙara da cewa kin fi shekara biyu kina koyon rubutunsu ta waya in kin tashi aiki, a cikin gidana, ina nan ina minshari ban sani ba.

Sai na tashi tsaye na ce, "Magani ya ƙare a gidan ubanki ne da za ki haye teku ki hau dutse ki nemo?"

Ba ki ɗaga murya ba. Kika dubi buhunan da ke bayana, kika ce, "Baba, wane magani na taɓa gani a gidan ubana in ban da gari?"

A nan ne na kira ki Zuwaira, gatsal, a gaban jama'a. Mumuni tela da ke maƙwabtaka da ni ya tsai da kekensa ya leƙo, ya ce, "Ei, Baba, yau kai ya kira sunan maman ka!" Wannan kira ya fi duk abin da na faɗa a ranar muni, kuma na san shi ya fitar da ke daga gidan, ba tsawar ba. Ki yafe mini shi.

Amsarki ta hana ni sukuni, domin gaskiya ce tsagwaronta. Ga yadda na tashi na tarar. Kakanki Malam Ɗanjuma ya zo Nima da fataken goro daga ƙasar Katsina, ya zauna, ya kama sana'ar ubansa. A wurinsa na ga dokar: ba abin da zai fita daga ɗakin magani sai an daka shi ya zama gari. Ba sassaƙe, ba saiwa, ba ganye ɗanye. In mutum ya ga ganye zai gane itace, in ya gane itace gobe ba zai zo ba, jibi kuma sai ka gan shi ya buɗe nasa shagon a gabanka. Ana rufe ƙofa kafin a kwance buhu. Ana zuba 'yar jar kanwa ko kimba don ƙamshin ya ɓace wa mai dogon hanci. Kuma ba a kiran itace da sunansa ko a cikin gida, sai a laƙa masa wani. Wani Baƙo, wani Amarya, wani Ɗan Sarki. Na shawara kuwa Dattijo muke ce masa.

Kina 'yar ƙarama, haƙoranki na gaba sun faɗi, kika turo ƙofar ina daka, kika ɗauki guntun sassaƙe kika shinshina, kika ce, "Baba, wannan fatar wace bishiya ce?" Na fizge, na buge miki hannu, na ce ki je ki taya innarki wanke ganyen waakye, shinkafa da waken nan da take sayarwa. Kin sake dawowa, na sake kora. Da kika daina zuwa na ji daɗi, na ce yarinya ta yi hankali. A raina ina cewa akwai lokaci, sai na tsufa, sai na ga alamar tafiya, kamar yadda ake yi. Ban yi tunanin mai tambaya in an kore shi ba ya daina tambaya ba ne, wani wurin yake komawa da ita.

To ga nasihata ta farko. Kin ce a can da damina malamai suna kwasar ɗalibai su hau dutse, a nuna musu kowane tsiro yana tsaye da ransa, a ce su taɓa, su ɗanɗana, su faɗi sunansa. Da kika faɗa mini haka na ce ƙarya ne, ba mai hankalin da zai yi wa abincinsa haka. In gaskiya ne, ki manne wa malamin da ya fi kowa nunawa, ko da shi ne mafi faɗa. Ki yi tambaya har a gaji da ke. In ya buge miki hannu, ki dawo gobe. Ranar da ke kuma kika zama mai sani, wani yaro ya turo miki ƙofa, ki ajiye taɓarya ki ba shi amsa.

Akwai abin da ya faru kafin wannan Lahadin wanda ba ki san ya girgiza ni ba. Wata safiya na fito alwala na tarar da ke a bayan ɗaki da farin kofin tangaran na innarki, wanda ba a fito da shi sai ga baƙi, kina juya wani abu da tsinke. Na ce mene ne? Kika ce fitsarinki ne na farkon safiya, gwaji kike. Innarki ta ji, ta saki salati, ta ce kofin ya haramta gare ta har abada. Ke kuwa ko a jikinki, kika shiga yi mini karatu: a littafin wasu mutanen nesa an ce a duba shi da ɗuminsa a farin mazubi, a ga launi, a ga tururi, a ji wari, a kaɗa a ga kumfa, manya ne ko ƙanana, suna saurin mutuwa ko suna daɗewa. Kika ce in ciwon na zafi ne da ɗacin ciki, launin zai ja zuwa ɗorawa, kumfan su zama ƙanana su mutu nan da nan.

Na ja tsaki na ce aikin banza, na shige masallaci. Amma wallahi, Uwata, ban san me liman ya karanta ba a sallar nan. Abin da kika karanto daga waya, shi ne abin da kakanki ya raɗa mini a kunne bayan ya sa na rantse, da farin kwanon sha da tsinken tsintsiya, ranar da ya yarda na fara duba mai shawara. Na fi shekara talatin ina ɗauke da shi a ƙirji kamar kuɗin amana, ina korar kowa waje kafin in duba kwano. Ashe a wani gefen duniya an rubuta shi tun kafin a haifi kakan kakana, ana karanta wa aji guda da rana tsaka, har ana cin jarrabawa a kai. Da na ce miki, zo ki ga yadda namu yake, da yanzu wata maganar muke. Girman kai ya hana ni.

Nasihar da ke cikin wannan kashi biyu ce. Kada ki ja tsaki a kan abin da ya ba ki mamaki, ko da daga bakin ƙanƙanin ɗalibi ya fito. Sannan kada ki shiga cikinsu kina jin daga gidan da babu komai kika fito. In suka koya miki ƙaho, ki ce wanzaman Nima suna yi. In suka yi maganar zafi da sanyi da iska da majina, ki ce da su aka yaye ki. Abin da na yarda ba mu da shi, shi ne wannan ɗora yatsu uku a wuyan hannu da kika yi mini, kika rufe ido, kika ce ba na barci sosai. Ban sani ba ko jijiyar ce ta faɗa miki ko innarki. Ki koyo shi da kyau ki zo ki sake gwadawa.

Yanzu maganar da ta fi tayar da hankalin mutanen bencin masallaci, kuma ni ma ta tayar da nawa. Kin faɗa da bakinki cewa a makarantar nan akwai gunki mai launin shuɗi riƙe da kwanon magani, kuma da safe ɗalibai suna taruwa gabansa da turare suna karatu kafin a shiga aji. 'Yar da na kai makarantar allo da hannuna, wadda ta sauke tun ba ta fara ɗaura ɗankwali da kyau ba! Alhaji Sule mai kayan gini ya ce in ƙwace fasfonki in ƙona. Na ce masa ya fara ƙwace na ɗansa da ke wanke kwanuka a gidan giya a Turai, sai mu yi magana. Ba mu gaisa ba tun ranar.

Amma ni na san irin wannan tsoro, domin ya taɓa yi mini asara. Ina saurayi akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga a gangaren Kokomlemle, Naa Ayele, mai gyaran karaya. Na ga ɗan ƙwallo an kawo shi a kafaɗa ƙafa tana lilo, na gan shi bayan watanni yana gudu a fili. Tana sayen kanwa a wurin kakanki, ta ga hannuna, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Wannan yaro hannun shi na da sanyi, ba ni shi, ni zai koya mishi." Kakanki bai hana ba. Na je sau ɗaya. Kafin ta taɓa mai karaya sai ta zuba wani abu daga kwalba a ƙasa tana kiran sunayen matattunta. Na tashi na fita ko sallama babu, na dawo gida ina hura hanci na tsare addini. Ba ta ce in zuba ba. Ba ta ce in ce amin ba. Ƙashi kawai za ta nuna mini yadda ake mayarwa. Ta mutu, 'ya'yanta duk ma'aikatan ofis, hannun ya bi ta. Har yau in aka kawo mini mai targaɗe sai in ce a wuce gaba.

Don haka ba zan ƙona fasfo ba. Ki girmama malamanki, ki tashi in sun shigo, ki ɗauke musu kaya, ki ci abin da ya halatta a kwanonsu. In sun shiga ibadarsu ki ja gefe da ladabi, kada ki yamutsa fuska, kada ki yi musu wa'azin da ba su tambaya ba. Amma goshinki na Allah ne, ba ya taɓa ƙasa don kowa. Ki faɗa musu wannan tun ranar farko da murmushi, kada ki bari sai an saba sannan ki fara kame-kame. Ki nemi gabas kafin ki kwance jaka. Kin ce ruwan can yana daskarewa, to ki dafa na alwala, kada sanyi ya zama dalilin haɗa Asuba da hantsi. Kuma kin ce akwai Musulmi a garin. Ki nemo wata tsohuwa a cikinsu ki riƙa kai mata gaisuwa, don a samu wanda zai yi miki faɗa a madadina.

Ga wani kuskuren, shi ma ki ji. Kin san Isufu, direban nan mutumin Nijar da ke kawo albasa kasuwar Agbogbloshie, wanda duk shekara yake sauke mana buhu a ƙofa, innarki kawai yake gaisarwa da hannu biyu, ni kuwa sai ya ɗaga mini yatsa. Ba ki taɓa tambayar dalili ba. Kina goye aka kawo shi idonsa ya yi ɗorawa. Na duba kwano, na ba shi Dattijo. Bai ji sauƙi ba, na ƙara. Cikinsa ya fara kumbura, na ce ciwon ne ke fita. Abokan tafiyarsa suka ce asibiti, na ce in suka ɗauke shi sun raina gidan Malam Ɗanjuma. Innarki ce ta ajiye ludayi a tsakiyar ciniki, ta tsai da tasi, ta ce mini, "Malam, in ya mutu a ɗakin nan, kai za ka kai wa uwarsa labari a Nijar, ba ni ba." Aka yi masa aiki a ranar, wani abu ne ya toshe a ciki wanda ba sassaƙen da zai buɗe shi. Da na ƙara masa kwana, da sunana ya rayu, shi ya mutu.

Kin riga ni sanin wannan, ke da kika yi aiki a ɗakin marasa lafiya. Abin da nake tsoro shi ne sabon so. Wanda ya ƙaunaci sabon ilimi yakan raina tsohon. Kada ki jefar da karatun nas ɗinki don kin iya jin jijiya. Ran da yatsunki suka ce abu kaza, idonki na asibiti ya ce wannan ya fi ƙarfin ƙwaya da ruwan zafi, ki tsai da tasi. In malamanki na kirki ne su ma haka za su ce miki.

Ƙananan abubuwa kuma: kin nuna mini shayinsu da ake zuba wa man shanu da gishiri. Ki sha, kada ki ce wani abu, mu ma ai muna zuba kanwa a tuwo. Innarki ta soya miki yaji da shito, baƙar miyar barkonon nan, ta ɗure a kwalba, tana kuka tana soyawa, ta ce kada in faɗa miki. Rigar sanyin da gwaggonki ta sayo a gwanjo ba za ta isa ba, na taɓa ta, ki ƙara wata. Ki riƙa kiran innarki ran Juma'a. Ni ba sai kin kira ni ba, ina kusa da ita ina ji.

Saura abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Bayan na gama fushi na yanke shawara zan karya doka. Na ce kafin Asabar zan kai ki ki ga Dattijo a tsaye, ki taɓa shi, in nuna miki gefen da ake sassaƙa da gefen da ake bari don kada ya mutu. Na ce bari in fara zuwa ni kaɗai in duba hanya, don na daɗe ban je ba. Zuwan ƙarshe na cika buhu biyu saboda gwiwa, tun daga nan da su nake aiki. Shekaranjiya na hau turoturo, motar hayar nan, na sauka a Madina, na wuce ta bakin layinku kaina a ƙasa kada gwaggonki ta gan ni, na kama motar hanyar Dodowa. Wurin yana gindin tudu, bayan wani rafi, inda Fulani ke kiwo. Itatuwa ne 'yan kaɗan a tare. Kakanki ya gane su ne tun yana yawon neman saiwa, ya ce irin na garinsu ne.

Uwata, na sauka ban gane ƙasar ba. Na ɗauka idon ne. Na murza, na ɗiga maganin likita, na sake dubawa. Babu rafi, babu shanu, babu daji. Katanga ce ta bulo iya ganina, da gidaje masu jan rufi a jere, da ƙofar ƙarfe. Na yi ta bin katangar ina shafawa kamar wanda ya ɓatar da akuya. Wani mai gadi ya fito, ɗan arewacin ƙasar nan, ya ce, "Alaji, kai na neman wa?"

Na ce itatuwa nake nema, masu farin jiki, a nan suke.

Ya yi dariya ya ce, "Oh, Alaji, nan ba itace. Masta ya kawo katafila ya share duka. Mata ya kwashe ya yi gawayi. Da wani ya ce magani ne, masta zai bar ɗaya, shi na son itace. Amma ba wanda ya ce."

Ba wanda ya ce. Wa zai ce? Mutum biyu ne suka sani, ɗaya yana kabari, ɗaya yana Maamobi ya rufe ƙofa yana daka. Na zauna a ƙasa da farar rigata. Tun rasuwar kakanki ban yi kuka a gaban namiji ba sai ranar.

Za ki ce a aika arewa a sayo, ai masu saiwa sun cika Agbogbloshie. To ji abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har innarki. Ban san sunansa ba. Dattijo kawai na sani. Kakanki ya ce zai faɗa mini na gaskiya in lokaci ya yi, sai ciwon shanyewar jiki ya riƙe masa harshe yana tsakiyar ƙarfinsa, ya yi ta kallona yana motsa baki har Allah Ya karɓi abinsa. Na taɓa ɗaukar guntun sassaƙe zan nuna wa wani tsoho Bazabarme mai saiwa, na kai har gaban rumfarsa, na mai da shi aljihu, don kada ya gane. Ni a Nima aka haife ni, ban san dajin Katsina ba. Ba ni da suna, ba ni da hoto, sai abin da ke cikin idon nan da ke rufewa.

Mai gadin ya ji tausayina. Ya ce akwai wani kututture a bayan katanga wajen kwalbati da katafila ba ta kai ba, in zo in gani ko shi ne. Ya riƙe hannuna muka zaga. Ƙonanne ne, baƙi ƙirin. Na durƙusa na kankare da farce na kai hanci. Shi ne. Kuma daga gefen saiwarsa wani ɗan toho ya fito, bai fi tsawon tafin hannuna ba, da 'yan ganyensa. Muka haƙa da adda a hankali, muka ciro shi da ƙasarsa, ya ba ni tsohon bokitin fenti. Na rungume shi a cinya tun daga can har Maamobi, yaron mota yana cewa sai na biya wa bokiti kujera.

Yanzu yana tsakar gida, kusa da randa, inda duk mai shiga da fita zai gan shi. Ban rufe shi da komai ba. Mumuni tela ya tambaya, na ce maganin shawara ne. Matar mai gidan da muke haya ta tambaya, na faɗa mata. Innarki ta fito ta tsaya a kansa ta daɗe, ta ce, "Wannan ce kishiyar da ka yi mini shekara da shekaru?" Ta kawo tsohon kwando ta kife masa saboda awaki. Ita ce doguwar maganar da ta yi mini tun tafiyarki.

Ban sani ba ko zai kama. In ya kama, ba zai yi kaurin da za a sassaƙa ba sai wajen lokacin da za ki gama. Abin da ya rage a buhu zan lallaɓa shi, kuma na ware miki guntu ɗaya babba ban daka ba, shi ne na farko da zan ba wani da siffarsa.

Ga roƙona. Ki zo ran Juma'a bayan an sauko. Ki zo da wayar nan taki ki ɗauki hoton ganyen ciki da baya, ki zana shi yadda kika ce ana koya muku, ki murza ki shinshina, ki ɗanɗana. Zan faɗa miki yadda ake jiƙawa, da wanda ake ba, da wanda ba a ba, ƙofa a buɗe, innarki tana ji. Ki nuna wa duk wanda kika ga dama, a nan da can, har a samu mai faɗa mana sunansa. Ban ce ki fasa tafiya ba. Ki tafi, na yarda, na sa albarka. Ni zan riƙa ba shi ruwa. In kin dawo kin tarar ba na gani, ki kama hannuna ki ɗora a jikinsa, zan gaya miki gefen da za ki fara.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba ki malamai masu buɗaɗɗen hannu, Ya tsare miki imaninki da lafiyarki, Ya raba ki da sharrin dutse da sanyi da kaɗaici. Allah Ya sa ki fi ubanki. Innarki tana gaishe ki, ko da ba ta ce in rubuta ba.

Ran Juma'a ba sai kin ƙwanƙwasa ba, Uwata. Na cire sakatar ɗakin magani.

Naki,
Babanki, Garba ɗan Malam Ɗanjuma,
Maamobi.